Inshorar Tafiya: Inda Dattawan Ikorodu Da Agege Za Su Samu Mai Sauƙi

Duk wanda ya san unguwar Sabo ta Ikorodu ko Zangon Agege a nan Ikko, ya san da zarar watan Rajab ya kama, hirar ƙofar masallaci bayan sallar Magariba takan koma kan tafiya Makka. Wannan zai tafi Umra da azumi, wancan ya gama biyan kuɗin kujerar Haji. Galibinsu kuwa dattawa ne da suka shekara talatin ko arba'in suna cinikin goro, ko albasa da tumatir a kasuwar Mil 12, ko shanu a mayankar Oko-Oba, kafin Allah ya hore musu. Watau sai ƙarfi ya fara ja da baya sa'an nan guzuri ke cika.

A irin wannan hira akan yi lissafin kuɗin jirgi da masauki da canjin Riyal har da tsarabar jikoki, amma da wuya a ji wani ya tambayi wanda zai biya asibiti in ciwo ya kama mutum a ƙasar da ba tasa ba. Aikin inshorar tafiya ke nan: mutum ya biya kamfani kuɗi kaɗan kafin ya tashi, kamfanin ya ɗauki nauyin jinyar gaggawa ko haɗari har zuwa wani adadi da aka rubuta. To, amma fa kamfanoni da shekaru suke awo. Da yawansu sukan ƙara kuɗi da zarar mutum ya haura 65 ko 70, wasu kuma suna da shekarun da in an wuce su ba su karɓar mutum ko kusa. Dalili a fili yake, tsoho ya fi yaro kwanciya asibiti.

Abin da dattawa da yawa ba su sani ba shi ne, mai tafiya Umra ya riga ya sayi inshora tun ranar da aka buga masa biza. Tun daga 2020 Ma'aikatar Haji da Umra ta Saudiyya ta ɗora inshora a kan kowane mai Umra da ya fito daga ƙasashen waje, kuɗinta na cikin kuɗin biza. A watan Janairu na 2023 ma'aikatar ta rage shi daga Riyal 235 zuwa Riyal 87, farashi ɗaya ga yaro da babba. Tana aiki har kwana 90 daga ranar shiga ƙasar, ta kuma ƙunshi jinyar gaggawa har Riyal 100,000, da diyyar haɗari, da jinkiri ko soke tashin jirgi.  Saboda haka in dillalin tafiya ya zo da wani lissafi na dabam wai kuɗin inshorar Umra, ya kamata a tambaye shi wace iri ce, me kuma ta ƙara a kan wadda ke cikin biza.

Sai dai a lura da kalmar nan, gaggawa. Wanda ya faɗi a wurin ɗawafi ya karye, ko zuciya ta buga masa farat ɗaya, shi aka yi wa tanadi. Mai ciwon sukari ko hawan jini da ya manta maganinsa a Ikorodu, kansa zai saya wa wani a kantin magani, da Riyal.

Alhazan da suka bi ta hannun Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda dokar 2006 ta kafa, ko Hukumar Alhazai ta Jihar Legas, su ma suna cikin rufin asiri, don kuwa akwai likitocin Nijeriya da ke raka su, asibitocin gwamnatin Saudiyya kuma suna duba alhazai kyauta lokacin aikin Haji. Masu shiga uku su ne waɗanda akan ruɗa da hanyar araha, a ba su bizar ziyara a ce su laɓe har lokacin Arfa. A Hajin 2024, da zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya sun ba da sanarwar rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin Haji. Ba su da tanti mai sanyi, ba su da motar da za ta ɗauke su, da yawa cikinsu kuwa tsofaffi ne ko marasa lafiya. A 2025 Saudiyya ta sa tarar da ta kai Riyal 20,000 ga wanda aka kama ba izini, da hana shi shiga ƙasar har shekara goma. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, wannan kam har rai take ci.

Inda tsada take sosai shi ne tafiya Turai da Amurka, wurin 'ya'yan da suka yi karatu suka zauna can. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen, irin su Faransa da Jamus da Italiya, ba su ba da biza sai an nuna takardar inshorar da za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000. A nan ne akan yi kuskure: a aiki yaro ya sayo takarda mafi araha don kawai a miƙa wa ofishin jakadanci, ba wanda ya karanta ta. Galibin irin waɗannan takardu ba su biyan ciwon da mutum yake da shi tun kafin ya tashi. In kuwa ya ɓoye ciwon wurin cika fom, kamfani na da ikon ƙin biyan ko kwabo, domin likitan can zai rubuta abin da ya gani. Ingila ba ta tilasta wa maziyarci inshora, amma tun 2015 baƙon da aka kwantar a asibitin gwamnati kuɗin jinya ɗaya da rabi ake cajinsa. A Amurka kwanan asibiti 'yan kaɗan na iya cinye jarin fatake.

Hanyar rage kuɗi ba boyayya ba ce. A ji farashin kamfani uku ko huɗu masu rajista da Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, tun da kowanne da inda yake yanke shekaru. A sayi ta tafiya ɗaya, daidai kwanakin da za a yi, a bar ta shekara ga 'yan kasuwa masu zirga-zirga. A zaɓi yankin da za a je kurum, don wadda ta haɗa da Amurka ta fi kowace tsada. Mafi muhimmanci, a je wurin likita tukuna, a faɗa wa kamfani gaskiyar ciwon, a nemi ya rubuta a takarda ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba.

Akwai dattawan da ke ƙyamar inshora baki ɗaya saboda tsoron riba da caca. Tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, watau karo-karon taimakon juna bisa tsarin Musulunci, inda ake tara kuɗi a asusu guda, a biya wanda masifa ta samu, rarar kuma a raba wa mahalarta. Noor Takaful yana nan Ikko, Jaiz Takaful yana Abuja, ana iya tuntuɓarsu a ji abin da suka tanada wa matafiya. Abin bai yi nisa da abin da Hausawan kurmi suka saba ba, na tara gudummawa a hannun Sarkin Hausawa in ɗan'uwa ya kwanta ciwo.

Saura masu bin hanyar Seme zuwa Kwatano da Ankara da Kumasi, waɗanda har yanzu akwai tsofaffin fataken goro cikinsu. Katin nan mai ruwan ƙasa na ECOWAS da direbobi ke riƙewa, wanda aka ƙirƙiro a 1982, inshorar mota ce, ta ɓarnar da motar ta yi wa wani a hanya. Ba ruwansa da zazzaɓin fasinja. Katin Ilera Eko na Jihar Legas kuma asibitocin jihar aka yi shi dominsu, ba ya ƙetare iyaka.