Asetilkolin, Sinadarin da ke Farkar da Ƙwaƙwalwa

Asetilkolin sinadari ne da ƙwayoyin jijiya ke aika saƙo da shi, ko dai a tsakaninsu, ko daga gare su zuwa tsoka da zuciya da hanji. Ƙwaƙwalwar ɗan'adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma galibinsu ba sa taɓa juna. Tsakanin bakin wannan ƙwaya da jikin ta gaba akwai ɗan giɓi da ido ba ya gani. Saƙo yana bin jikin ƙwaya a matsayin motsin lantarki, idan ya iso giɓin sai ƙwayar ta feso sinadari, ya tsallaka ya manne a jikin ta gaba, ita kuma ta karɓa. Sinadarai masu wannan aiki suna da yawa, amma asetilkolin ne aka fara ganowa.

A zuciyar kwaɗo aka gano aikinsa. A shekarar 1921 Otto Loewi, malami a jami'ar Graz ta ƙasar Ostiriya, ya ciro zuciyar kwaɗi biyu ya sa kowacce cikin ruwan gishiri, suna ci gaba da bugawa. Ta farko ya bar mata jijiyar da ke rage bugun zuciya, ya tsokani jijiyar da lantarki, bugun ya ragu. Sai ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma ta rage bugu, alhali ba wanda ya taɓa jijiyarta. Ashe jijiyar wani abu take zubarwa cikin ruwan. Bayan 'yan shekaru aka tabbatar cewa asetilkolin ne, sinadarin da Henry Dale na Ingila ya riga ya bayyana tasirinsa a jiki tun 1914. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 1936.

Ƙwayar jijiya da kanta take haɗa asetilkolin, daga abubuwa biyu: kolin, wanda ake samu a gwaiduwar ƙwai da hanta da nama da waken suya da gyaɗa, sai kuma wani ɓangare da ke fitowa idan ƙwayar ta sarrafa sukari. Tana tara shi cikin 'yan mitsi-mitsin jakunkuna a bakinta har saƙo ya iso. Da zarar ya tsallaka ya yi aikinsa, akwai wani sinadarin a giɓin, mai suna asetilkolinesteres, da ke farfasa shi nan take. Ƙwaya ɗaya tak ta wannan mafarfashi tana gamawa da dubban ƙwayoyin asetilkolin cikin sakan guda, sannan a tsince kolin ɗin a sake amfani da shi. Wannan sharar tana da muhimmanci daidai da saƙon, domin in ba a share ba, ƙwaya ta gaba ba za ta san inda saƙo ɗaya ya ƙare wani ya fara ba.

Wuraren da asetilkolin yake mannewa iri biyu ne, kuma sunayensu daga guba aka samo su. Iri na farko shi ne wanda nikotin na ganyen taba ke iya kamawa, kuma yana amsawa cikin ƙiftawar ido. Dalilin ke nan da mashayin taba ke jin hankalinsa ya tattaru na ɗan lokaci, dalilin kuma ke nan da barinta ke yin wuya, saboda irin waɗannan makarɓai suna nan a jikin ƙwayoyin da ke sakin dofamin, sinadarin da ke sa mutum marmarin maimaita abu. Iri na biyu shi ne wanda muskarin, gubar wani nau'in laimar kwaɗi, ke kamawa. Wannan a hankali yake aiki, tasirinsa kuma yana daɗewa.

Ƙwayoyin da ke ƙera asetilkolin a ƙwaƙwalwa ba su da yawa in aka gwada da sauran, sai dai rassansu suna kai wa nesa. Babban rukuninsu yana can ƙasan gaban ƙwaƙwalwa. A nan ne akwai tarin ƙwayoyin da aka sa wa sunan Theodor Meynert, likitan Biyana da ya bayyana su a ƙarni na 19, waɗanda ke miƙa rassa zuwa kusan duk ɓawon ƙwaƙwalwa, inda ake tunani da tantance abin da ido da kunne suka kawo. Kusa da su wasu na aikawa zuwa hifokamfus, sashen da ke ɗaukar sabon abin da aka koya. Rukuni na biyu yana gindin ƙwaƙwalwa, wajen da ta haɗu da laka, shi ke da hannu a barci da farkawa. Akwai kuma wasu a cikin sashen da ke daidaita motsin jiki.

Aikinsa a ƙwaƙwalwa ya bambanta da aikinsa a tsoka. A tsoka umarni ne kai tsaye: ya iso, tsoka ta motsa. A ƙwaƙwalwa kuwa ya fi kama da sanƙira da ke buga ganga kafin a faɗi saƙon sarki, don kasuwa ta yi shiru a saurara. Idan wani abu sabo ko mai muhimmanci ya bayyana, asetilkolin yana ƙaruwa a ɓawon ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin da ke karɓar bayani daga waje su ƙara kaifi, hayaniyar cikin gida ta lafa. Direban da ke tuƙi da dare yana lura da ɗan motsi a gefen hanya, ko ɗalibin da ke bin maganar malami ana surutu a bayansa, duk da taimakon wannan tsari suke yi. A hifokamfus kuma yana sauƙaƙa ƙarfafar mahaɗar ƙwayoyi, wadda ita ce tushen koyo. Abin da aka riga aka haddace tun da daɗewa bai cika dogara da shi ba. Rubuta sabo ne ke buƙatarsa.

A barci ma yana hawa da sauka. Yana da yawa idan mutum na farke, ya ragu ƙwarai a barci mai nauyi, sannan ya sake tashi a lokacin da idanu ke motsi a ƙarƙashin fatarsu, lokacin da aka fi yin mafarki. Masana da dama suna ganin raguwar tasa a barci mai nauyi ita ke ba hifokamfus damar miƙa abin da aka koya da rana zuwa ma'ajiya mai ɗorewa.

Abin da ke faruwa idan aka toshe masa hanya ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Zaƙami, wanda wasu ke kira haukata-yaro, yana ɗauke da sikofolamin da atirofin, masu zama daram a kan makarɓai iri na biyu su hana asetilkolin mannewa. Wanda ya sha sai bakinsa ya bushe, ƙwayar idonsa ta buɗe, jikinsa ya yi zafi ba gumi, fitsari ya ƙi fita. Yana sambatu, yana tsintar abin da ba shi nan, in ya farfaɗo kuma sau da yawa ba ya tuna komai. A 1974 masu bincike biyu a Amurka, David Drachman da Janet Leavitt, sun ba matasa masu lafiya sikofolamin kaɗan, suka ga mantuwarsu ta yi kama da ta tsofaffi. Ƙwayar benzhezol, da ake ba masu ciwon Parkinson don rage karkarwa amma wasu matasa suka mayar da ita kayan maye, ta wannan hanyar take aiki. Haka ma wasu magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci, shi ya sa likitoci ke taka-tsantsan wajen ba tsofaffi su.

Ciwon Alzheimer, wanda shi ne kan gaba cikin cututtukan da ke jawo abin da jama'a ke ɗauka gigin tsufa ne kawai, yana cin ƙwayoyin da ke ƙera asetilkolin sosai. A 1976 masu bincike a Birtaniya suka samu cewa sinadarin da ke haɗa asetilkolin ya ragu matuƙa a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da cutar, a farkon shekarun 1980 kuma aka nuna cewa ƙwayoyin Meynert ɗin kansu ne ke mutuwa. Daga nan aka yi dabarar rage wa mafarfashin nan ƙarfi, don ɗan abin da ya rage ya daɗe a giɓi. Amurka ta amince da donepezil a 1996, rivastigmine da galantamine suka biyo baya. Gaskiyar magana, taimakonsu kaɗan ne: suna ɗan gyara tunani na wani lokaci ga wasu majinyata, ba sa tsayar da mutuwar ƙwayoyin, domin cutar ta wuce batun sinadari ɗaya. Cin ƙwai da yawa ko shan ƙwayoyin kolin ma gwaji bai nuna yana warkar da ita ba.

Asalin wannan dabara ta rage wa mafarfashin ƙarfi daga Nijeriya yake. Waken Kalaba, da mutanen Efik ke kira esere, ana ba wanda ake zargi da maita a da don gwada gaskiyarsa: in ya amayar ya tsira, in ya zauna masa a ciki ya mutu. A 1864 aka ciro fisostigmin daga cikinsa a Jamus, kuma shi ne sinadari na farko da aka sani mai daƙile mafarfashin asetilkolin. Bisa tsarinsa aka ƙera rivastigmine.

Idan daƙilewar ta wuce kima, guba ce. Da yawa daga cikin magungunan feshi na gona da fiya-fiya mai ɗauke da dikilobos haka suke kashe ƙwari, haka kuma suke yi wa mutum. Asetilkolin ya taru ba mai sharewa, yawu da hawaye da gumi su ɓalle, ƙwayar ido ta tsuke, tsoka ta riƙa rawa, a ƙwaƙwalwa kuma ruɗewa da jijjiga, har numfashi ya tsaya. Iskar sarin da aka saka a jirgin ƙasan Tokyo a 1995 danginsu ce. A asibiti allurar atirofin ake yi wa wanda ya sha ko ya shaƙa, wato sinadarin nan na cikin zaƙami, a yi ta ƙarawa har majinar ƙirji ta bushe, a haɗa masa da firalidokzim mai 'yanto mafarfashin in an samu da wuri. Wanda zaƙami ya kama da tsanani kuwa, fisostigmin na waken Kalaba ake ba shi, saboda yana iya ratsawa daga jini ya shiga ƙwaƙwalwa.