Lambar NIN: Dalilin da ya sa muhawarar haɗa layin waya ba ta mutu ba a Gwandu da Kalgo

A ranar 14 ga Satumban 2024 ne wa'adin ƙarshe da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta bayar na haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ya cika. A Abuja an ɗauki aikin a matsayin wanda aka kammala, domin tun a ƙarshen watan Agusta hukumar ta sanar cewa an haɗa layuka sama da miliyan 153, kashi 96 cikin 100 na waɗanda ake amfani da su.

Amma a majalisun hira na garin Gwandu da teburan masu shayi na Kalgo a Jihar Kebbi, zancen bai mutu ba. Yakan taso duk lokacin da aka buɗe rajistar JAMB, ko aka rufe asusun wani, ko aka fito da jerin sunayen masu cin gajiyar tallafi aka ga babu sunan wanda kowa ya san ya cancanta. Wasu na ganin tsarin ya kawo gyara, wasu na ganin wahala ce aka ƙara wa talaka. Idan aka bi zancen sannu a hankali, za a tarar ra'ayin mutum ya fi danganta da abu guda: nawa ya kashe, na kuɗi da na lokaci, kafin lambarsa ta yi aiki.

Yadda aka faro

Dokar da ta kafa Hukumar Shaidar Ɗan Ƙasa, NIMC, ta shekarar 2007 ce, kuma an daɗe ana rajista ba tare da jama'a sun damu da ita ba. Lamarin ya sauya a Disamban 2020, lokacin da Ministan Sadarwa na wancan lokaci, Isa Ali Pantami, ya jagoranci umarnin cewa duk mai layi ya haɗa shi da NIN cikin mako biyu, aka kuma dakatar da sayar da sababbin layuka har zuwa Afrilun 2021. Dalilin da gwamnati ta bayar shi ne tsaro: idan kowane layi na da mai shi da aka sani, masu garkuwa da mutane da 'yan damfara za su rasa mafaka.

An yi ta tsawaita wa'adin. A ranar 4 ga Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 72 kiran waya. A ƙarshen Yulin 2024 aka sake rufe layuka masu yawa, kwanaki kaɗan kafin zanga-zangar tsadar rayuwa ta ranar 1 ga Agusta, jama'a suka yi dafifi a ofisoshin kamfanonin waya, har NCC ta ba da umarnin a buɗe su na ɗan lokaci. Bayan wa'adin Satumba, alƙaluman hukumar sun nuna layukan da ke aiki sun ragu daga kimanin miliyan 219 a watan Maris zuwa kimanin miliyan 154, sakamakon rufewar da kuma tantance rajistar kamfanonin.

Lamba ɗaya, ƙofofi da dama

Da a ce layin waya kaɗai lambar ta shafa, da ƙila an manta da batun. Amma a cikin shekarun nan an ɗaure ta da kusan duk wata hulɗa tsakanin mutum da hukuma.

Tun daga 2021 ɗalibi ba ya iya rajistar JAMB sai ya tura lambarsa ta NIN ta saƙon waya domin a ba shi lambar buɗe bayanansa. A Disamban 2023 Babban Bankin Najeriya ya umarci a haɗa asusun ajiya da BVN ko NIN, har da ƙananan asusun manhajojin waya da masu POS ke buɗe wa mutanen karkara. Asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, wanda ya buɗe shafinsa a Mayun 2024, yana neman NIN da BVN. Fasfon tafiya ƙasar waje, wanda maniyyacin aikin Hajji ba shi da makawa sai da shi, yana buƙatar lambar. Tallafin kuɗi na naira 75,000 da Gwamnatin Tarayya ta ce za ta raba wa gidaje miliyan 15 shi ma an gindaya masa sharaɗin tantancewa da ita.

Ma'anar wannan ita ce kuskure ɗaya a rumbun bayanan NIMC yana iya hana mutum kira, ya hana shi taɓa kuɗinsa, ya kuma sa ɗansa ya rasa shekarar karatu.

Inda gizo ke saƙa

Samun lambar rabin aikin ne. Abin da kwamfuta ke dubawa shi ne ko bayanan da ke hannun kamfanin waya ko banki sun yi daidai da na NIMC. A nan ne tsarin ke cin karo da yadda mutanen yankin ke rayuwa.

Na farko, suna. Mutum ɗaya zai iya zama Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a banki, Muhammad a wurin rajistar layi. Abubakar ɗin da kowa ya sani da Garba, ko A'ishatun da ake kira Indo, sukan ba da sunan da suka saba amsawa. Sannan al'ada ce a wannan ɓangare na Arewa mutum ya sa sunan garinsu a ƙarshen sunansa, a ce wane Gwandu, wane Kalgo, wane Kambaza, alhali a wata takardar sunan mahaifi ko kaka ne a wurin. Ga mai unguwa duk mutum ɗaya ne. Kwamfuta kuwa mutum biyu take gani.

Na biyu, ranar haihuwa. Dattawa da yawa, har da matasan da aka haifa a gida, ba su da takardar haihuwa. Shekarunsu sukan ƙiyasta da wani abin da ya faru, ambaliya ko naɗin sarauta ko zamanin wani shugaba. Mai rajista sai ya cika gurbin da abin da ya zo masa, wanda shi ya sa ake yawan ganin 1 ga Janairu a takardun mutanen karkara. Idan banki ya rubuta wata shekara, NIMC ta rubuta wata, sai a nemi gyara.

Na uku, yatsu. Manomin da ya shekara talatin yana riƙon fartanya a fadamar shinkafa ko gonar albasa, da matar da ke surfe da wanki kullum, zanen yatsunsu kan shafe har na'ura ta yi ta ƙin karɓa.

Na huɗu, layin aro. Mata da yawa na amfani da layin da miji ko ƙane ko ɗa ya yi wa rajista da sunansa, wasu kuma sun sayi layin da aka riga aka yi wa rajista a kasuwa. Muddin layin na aiki babu wanda ke lura. Ranar da waya ta ɓace, ko mai sunan ya rasu, ko aure ya mutu, sai matar ta gane cewa layin da asusunta ke rataye a kai, a idon doka ba nata ba ne.

Rajistar farko kyauta ce, kuma NIMC ta sha gargaɗi a kan masu karɓar kuɗi a wurin masu neman ta. Gyara ne ke da farashi. A Mayun 2025 hukumar ta ƙara kuɗin gyaran ranar haihuwa daga naira 16,340 zuwa naira 28,574, gyaran suna ko adireshi kuma ya koma naira 2,000. An kuma mayar da aikin gyaran zuwa shafin intanet da mutum zai shiga da kansa, wanda ke buƙatar babbar waya, data, adireshin imel da iya karatun Turanci. Wanda bai da waɗannan sai ya biya mai shagon kwamfuta, ban da kuɗin mota da wunin da ya rasa a gona ko kasuwa.

Garuruwa biyu, tafiya biyu

Kalgo na dab da Birnin Kebbi. A nan Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, take da mazauninta a kan hanyar Bunza, ga kuma babban asibitin jiha. Ɗalibai da ma'aikata sun jawo shagunan kwamfuta da masu POS, kuma wanda ya samu matsala zai iya shiga babban birnin jiha ya dawo kafin azahar. A wannan da'ira an fi jin masu cewa tsarin ya yi daidai, abin da ya rage a inganta shi.

Gwandu ta fi nisa, tana wajen iyaka da Jihar Sakkwato. Gari ne mai tarihi, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya riƙe yammacin Daular Usmaniyya, kuma nan hubbarensa yake, kodayake fadar Sarkin Gwandu ta daɗe da komawa Birnin Kebbi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 150,000, ta ba Kalgo kimanin 85,000, kuma mafi yawansu a ƙauyuka suke. Ga mazaunin ƙauyen da ke bayan Dalijan ko Maruda, abin da ɗalibin jami'a ke gamawa a waya cikin minti goma tafiya ce ta yini guda, wani lokaci a je a tarar sabis ya ɗauke, a ce a dawo gobe. Haka lamarin yake ga ƙauyukan Kalgo da ke nesa da titi. Layin da ya raba ra'ayin bai bi iyakar ƙananan hukumomi ba, ya bi inda turakun sadarwa da wutar lantarki suka tsaya.

Ƙarin kuɗin kira da data ya daɗa nauyin. A ranar 20 ga Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara har kashi 50 cikin 100, karo na farko tun 2013, saƙon waya ya tashi daga naira 4 zuwa naira 6. Kamfanonin sun kafa hujja da tsadar man dizal da faɗuwar darajar naira. Mai waya a karkara kuwa tambayarsa ita ce me ya sa zai ƙara biya a kan sabis ɗin da sai ya hau tudu yake samu.

Hujjojin ɓangarorin

Masu goyon bayan tsarin suna da hujja mai ƙarfi. Jihar da ta ga yadda ake karkatar da taki da rancen noma, tun daga shirin Anchor Borrowers da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, ta san illar sunayen bogi. Lamba ɗaya ga mutum ɗaya na rage damar rubuta suna sau biyar, tana kuma toshe hanyar rubuta wa wani jarrabawa.

Masu suka sukan fara ne da alƙawarin tsaro. An sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a ranar 17 ga Yunin 2021, wata shida bayan fara tsarin, kuma wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida. Har yanzu ta waya masu garkuwa ke cinikin kuɗin fansa. A Janairun 2024 Pantami da kansa ya koka a fili cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata. Akwai kuma abin da rajista ba ta magancewa: ɗan bindiga kan kira da wayar wanda ya sace.

Batu na biyu shi ne sirri. A cikin dattawa akwai tsohon zargin da aka gada tun zamanin haraji da jangali, cewa hukuma ba ta ƙirga mutum sai tana son wani abu a wurinsa. Matasa kuma nasu tsoron na zamani ne, kuma yana da tushe. A Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wasu shafukan intanet na sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira 100, har ta sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa, Bosun Tijani, domin tabbatar da zargin. NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba kowa haƙƙin sanin abin da ake yi da bayanansa da kai ƙara ga hukumar NDPC, sai dai kaɗan ne a karkara suka san da ita.

Abin da ya rage

Babu alamar za a janye tsarin, don haka tambayar da ta rage ita ce wa zai ɗauki kuɗin gyaransa. A yanzu wanda ya fi kowa rashin hali shi ke biyan kuskuren da sau da yawa mai rajista ne ya tafka. Akwai matakan da ba su fi ƙarfin hukuma ba: kai na'urorin rajista da gyara zuwa mazaɓu a ranakun kasuwa, tura mata ma'aikata da za su iya shiga gidaje, yafe kuɗin gyara idan kuskuren na jami'i ne, da fassara shafin gyaran zuwa Hausa da Fulatanci. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin biyu na iya ɗaukar nauyin ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare tun kafin lokacin JAMB. Faɗaɗa sabis kuma ya rataya ne a kan cika alƙawarin Gwamnatin Tarayya na shimfiɗa kilomita 90,000 na wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa, da kuma ko za ta wuce manyan birane.

Kafin nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai layi zai iya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi domin ganin lambarsa, ko *996# domin duba matsayin haɗin. Ya kamata iyaye su gwada sunan yaro da ranar haihuwarsa a takardar NIN da na takardun makaranta tun yana aji biyu na babbar sakandare. Macen da asusunta ke kan layin wani, gara ta mallaki nata tun ana zaman lafiya. Kuma duk wanda ya kira ya nemi lambar NIN, BVN ko lambar sirrin da aka turo ta saƙo, da sunan zai buɗe layi ko ya sa mutum cikin tallafi, ɗan damfara ne, a kashe wayar.