«Yana nan» ko «ba ya nan»: yadda manhajar adana bayanai ke gane mai aiki

0. Gabatarwa

Ɗan Barto gari ne na bakin iyaka, kudu da Matamai, bisa hanyar da ta taso daga Damagaram zuwa Daura da Kano. Kamar sauran wuraren duwan, takardun kaya a yau sun koma cikin kwamfuta. Tsarin da duwan ɗin Nijar ke aiki da shi, SYDONIA, hukumar CNUCED ce ta fara shi a 1981 bisa roƙon CEDEAO. In faifan na'ura ya lalace, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, aikin da ba a kwafe ba ya salwanta. Mun ga muhimmancin wannan a Agusta 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. A cikin wannan ɗan nazari za mu duba yadda manhajar adanawa, abin da Faransanci ke kira logiciel de sauvegarde, ke zaɓen lokacin aikinta.

1. Matsalar

Kwafar bayanai aiki ne mai nauyi: yana cin ƙarfin ƙwaƙwalwar na'ura da faifai da layin intanet. In manhaja ta kama shi ga direbobi a layi, sai na'ura ta yi sanyi. Saboda haka take jiran mai aiki ya tashi. To amma ba ta da ido. Da me take gane ya tashi?

2. Alamomi uku

Ta farko ita ce taɓi. Duk sa'ad da aka danna maɓalli ko aka motsa linzami, na'ura na riƙe lokacin. A Windows, manhaja na tambayar wannan lokaci ta hanyar GetLastInputInfo. A macOS ma'aunin sunansa HIDIdleTime. Sai ta ɗebe shi daga lokacin da ake ciki. In tazarar ta wuce iyakar da aka sa, misali minti 15, sai ta yanke cewa ba kowa.

Ta biyu ita ce nauyin aiki. A Windows 7, mai tsara ayyuka na dubawa kowane minti 15, kuma ba ya cewa na'ura na hutawa sai in ba a taɓa ta ba, sannan ƙwaƙwalwa da faifai sun yi fiye da kashi 90 cikin 100 na lokacin ba aiki.

Ta uku ita ce kulle allo, wanda ya fi sauran tabbas, tun da mai aiki ne da kansa ya yi sallama.

3. Abin lura ta fuskar harshe

Mu dubi waɗannan jimloli:

(1) Ba ya nan.
(2) Yana nan, bai taɓa komai ba.
(3) Ya tafi, ya bar ta tana aiki.

Hausa ta bambanta ukun. Alamar taɓi kuwa, ita kaɗai, ta haɗe su wuri guda. Ma'aikacin da ke karanta doguwar takarda a allo, ko yake gardama da direba kan kuɗin fito, jimla ta (2) ce ta dace da shi, amma manhaja ta sa shi a (1). Alama ta biyu ce ke raba (3) da (1). Ke nan absent da ke cikin manhaja ba ya nufin rashin mutum, yana nufin rashin taɓi.

4. Kammalawa

Muna ba masu fassara shawarar su sa «ba a taɓa ba» a madadin «ba ya nan». Ga masu aiki kuwa, inda wuta ba ta da tabbas, gajarta iyakar jira ya fi. Wanda ke kashe na'ura da zarar ya tashi, manhajar da ke jiran fitarsa ba za ta taɓa samun damar kwafa ba. Sai ya sa mata ƙayyadadden lokaci, kamar lokacin sallar azahar.