Auren mangwaro a bakin kogin Hadejia

"Wannan mai aure ne, Alhaji," in ji mai sayar da dashe, sai ya ƙara kuɗi. Yana da gaskiya. Ƙwallon da ka binne bayan ka sha mangwaro yakan kai shekara 6 ko fiye kafin ya haihu, kuma ba lallai 'ya'yan su gaji zaƙin uwarsu ba. Mai aure kuwa yakan fara cikin shekara 3 zuwa 4, abin da ka ɗora shi za ka sha.

Aikin bai fi ƙarfin ɗan koyo ba. Samo dashen mangwaron gida mai kaurin fensir, shi ne gindi. Daga bishiyar da kake sha'awa, yanko reshe mai kauri ɗaya da shi, wanda idanunsa suka kumbura amma ba su fashe ba, ka cire ganyen. Datse kan gindin, tsaga shi da sabuwar reza kamar gaɓar yatsa biyu, fere ƙasan reshen ta gefe biyu, ka cusa. Sirrin yana ƙarƙashin ɓawo: akwai wani siririn kore mai danshi, shi ke haɗa jiki da jiki. In na reshe bai haɗu da na gindi ba, ko ta gefe ɗaya, aure ya mutu tun ba a kai amarya ba. Naɗe da leda tam, ka ajiye a inuwa. Bayan mako 3 ko 4 toho zai leƙo.

Biyar na fara da su, cikin hunturu, iska ta busar da su kaf. Farkon damina ya fi.

Fadama kuma tana da nata sharaɗin. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 ba su hana kogin tumbatsa ba. Mutanen Auyo da Kirikasamma ba su manta ambaliyar 2022 ba. Ƙaramin mangwaro ba ya jure kwanciyar ruwa, don haka a dasa kan tudu, mahaɗin ya ɗara ƙasa da taƙi guda. Duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗin a tsinke shi, in ba haka ba gindi ya ƙwace gida.

Magarya ma ana yi mata aure. A Sadore kusa da Yamai, cibiyar ICRISAT ta ɗora irin Indiya kan magaryar daji, 'ya'yan suka fito kamar ƙaramar tuffa. Gindin kuwa ga shi nan birjik a gonakinmu, awaki na ta ci.