Farar Kujerar Fata A Ƙasar Ƙura Da Baba

A hutun ƙarshen shekarar da ta gabata ne ƙanena, wanda ke aikin injiniya a Abuja, ya iso gida Kano cikin wata mota ƙirar Jamus mai ƙofa biyu, irin wadda ake kira motar tsere, ga ta a durƙushe kamar za ta lashi kwalta. Kujerunta na fata ne, farare fat kamar nonon da aka tatso yanzu. Bayan an gama yi masa Allah Ya sanya alheri, sai ya ja ni gefe ya ce, “Yaya, ka ga na yi dabara kuwa?” Na ce masa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tun da na san ba shi kaɗai ne ke da wannan sha'awa ba cikin ma'aikatanmu, na ga ya dace in faɗaɗa amsar a wannan fili.

Bari in fara da kalma, domin nan ne fagena. Kalmar Ingilishi da ke nufin jemammiyar fata ita ce muka ara muka mayar “leda”, amma da ta shigo bakin Bahaushe sai ma'anarta ta zame. A yau leda ita ce jakar da ake zuba tumatir, ita ce kuma shimfiɗar tsakar ɗaki. Saboda haka idan dillalin mota ya ce maka “kujerar leda ce”, bai yi maka ƙarya ba ko da roba ce zalla, bai kuma faɗa maka gaskiyar da kake nema ba. Kamfanin Mercedes kansa yana da wata robar kujera mai suna MB-Tex da ke kama da fata matuƙa, kuma motoci da yawa wurin zama da jingina kawai ake yi wa fata, gefe da baya roba ne. Mai saye ya tambaya da Hausar kakanninsa: fata ce ko roba? In ya samu dama ya leƙa ƙarƙashin ɗinkin. Bayan fata yana da gashi-gashi, bayan roba kuwa yadi ne aka manna.

Abin kunya ne ma a yi wa Bakano wayo a kan fata. Fatar jar akuyar Sakkwato da ayari ke ƙetare Sahara da ita ita ce Turawa suka yi wa laƙabi da fatar Maroko, suna yi wa littattafansu bango da ita, kuma Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya ga yadda sana'ar dukanci ta bunƙasa a birnin. Sai dai ilimin da muka gada bai dace da kujerar mota ba. Majemanmu da bagaruwa suke jima, fatarsu kuma tana shan mai. Kujerar mota kuwa ƙirgin sa ne, akasari da sinadarin kurom ake jeme shi, sannan a shafe shi da launi, a rufe da wani siririn lulluɓi mai kama da roba. Wanda duk ya ce yana goge kujera, wannan lulluɓin yake gogewa. Shi ya sa man kaɗanya ko man shanu da baduku ke tausasa fata da shi ba ya ratsa ta. A sama yake tsayawa yana kiran ƙura.

Farar kujera tana da hujjarta, kada mu zalunce ta. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, baƙar kujerar da ta wuni a rana sai ta gasa cinyar mutum, mai haske kuwa da sauƙi. Haka nan ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi fara-fara ce, ta fi tona asirin baƙar kujera. Shawarata dai ita ce a guji fari fat, a nemi ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske. A kuma tabbatar saman gaban motar baƙi ne, domin mai haske yana mayar da hoton kansa a gilashi, ya hana direba gani sosai, wanda a mota mai gudu ba ƙaramin haɗari ba ne.

Babban abokin gabar farar fata a ƙasarmu shi ne rini. Baba ba ya kama zare sosai, a bayansa yake zama, don haka sabuwar shadda rinanniya da wandon jins duk sukan bar shuɗi inda aka zauna, musamman idan an yi gumi. Ga lalle ɗanye, ga manja, ga tofin goro, ga kuma turare, wanda barasar da ke cikinsa kan narkar da lulluɓin idan aka fesa a cikin mota.

To, yaya za a yi? Rigakafi ya fi magani. A fara zuƙe ƙura da na'ura ko a kakkaɓe ta da burushi mai laushi, musamman a bakin ɗinki, domin ƙurar da aka murza da tsumma tamkar yashi ce, kankare fatar take yi. Sannan a samu farin tsumma mai laushi, a jiƙa shi a matse, a goge da sabulu marar kaifi, bayan an gwada shi a wani lungu da ido ba ya kai wa. A bi da busasshen tsumma. A lokacin hunturu sau ɗaya a mako bai yi yawa ba. Kada a kwarara ruwa, balle a kujera mai ƙananan huji. A gargaɗi yaran wankin mota su nisanta fetur, kananzir, bilic da garin sabulun wanki. Suna fitar da tabo yau, su bar tsagewa gobe. Tabon rini a ranar ake binsa, don in ya kwana biyu ya ratsa lulluɓin, sai dai a sake fenti. A kuma nema wa motar inuwa.

Amma abin da ya fi damuna ya faru ne ranar Juma'a. Baffanmu, dattijo mai shekara tamanin da 'yan kai, ya fito zai tafi masallaci da rawaninsa ɗan Kura, wanda kowa ya san ko hannu ya taɓa shi sai ya yi shuɗi. Na ga ƙanena ya dubi rawanin, ya dubi kujerar, ya yi jim. Baffa ya lura, ya yi murmushi ya ce, “Bar shi ɗana, ga a-daidaita-sahu nan.” Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Mutumin da ya sayar da gonarsa ya biya mana kuɗin makaranta ne aka tsaya auna shi da ƙirgin sa. Allah Ya taimake shi, yaron ya farga, ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya buɗe ƙofa da kansa.

Da yamma muka zauna da tsumma da ruwan ɗumi muka bi matashin kan kujerar. Mafi yawan shuɗin ya fita, saura ɗan alama da sai an ƙura ido ake gani. Na ce masa ya bar ta haka.

Mai karatu, in kana da hali ka sayi farar kujera, ba laifi, halal ɗinka ce. Amma kafin ka biya, ka lissafa waɗanda za su zauna a kanta, ka tambayi kanka ko za ka iya tarbar su da sakin fuska. In ba za ka iya ba, ruwan ƙasa ma launi ne. Allah Ya sa mu fi ƙarfin abin hannunmu, amin.