Fitar da Jumlar Lissafi daga Zane: Misalin Tsawon Yini a Kudancin Kano

A gonakin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, dawar gargajiya irin su farafara kan fitar da kai kusan lokaci guda ko da an sami ratar makonni wajen shuka, domin raguwar tsawon yini take jira. Idan aka zana wannan tsawo rana bayan rana, sai a sami layi mai hawa da sauka kamar igiyar ruwa, wanda ilimin turigonometiri ke bayyanawa da jumlar y = A cos B(x − C) + D. A nan x lambar rana ce a shekara, y kuma sa'o'in yini. Aikin mai nazari shi ne karanto harufan nan huɗu daga jikin zanen.

A Tudun Wada, wadda ke kusan digiri 11 arewa da ikwaita, ƙololuwar zanen tana kai wa kimanin awa 12.8 a wajen 21 ga Yuni, ƙasansa kuma awa 11.5 a wajen 21 ga Disamba. D shi ne layin tsakiya: a haɗa biyun a raba gida biyu, 12.15 ke nan, wato awa 12 da minti 9. A kuwa faɗin lilo ne, rabin tazarar da ke tsakaninsu, 0.65. Zagaye ɗaya kwana 365 ne, don haka B ya zama digiri 360/365.

C, wato gocewa, shi ne inda ɗalibai suka fi tuntuɓe. Kosayin daga ƙololuwa yake farawa, kuma 21 ga Yuni ita ce rana ta 172, saboda haka jumlar ta zama y = 0.65 cos[(360/365)(x − 172)] + 12.15. Wanda ya zaɓi sayin sai ya koma baya da rubu'in zagaye, zuwa rana ta 81, inda layin ke keta tsakiya yana hawa. Duka biyun daidai ne, amma kosayin ya fi aminci, tun da ƙololuwa ta fi bayyana ga ido.

A gwada da 1 ga Oktoba, rana ta 274: ana samun kusan awa 12.03. Minti 46 kacal yini ya ragu tun Yuni, kuma ƙaramin canji irin wannan dawa ke amsawa.

Ba kowane zanen shekara ne ke karɓar wannan jumla ba. Zafin yankin yana tashi a Afrilu, damina ta kwantar da shi, ya sake ɗagowa a Oktoba kafin hunturu. Tudu biyu marasa daidaito sun fi ƙarfin kosayin guda ɗaya.