Ko Ka Sani? Bututu Mai Rami Ya Fi Curarren Ƙarfe Mai Nauyinsa Juriya

A yammacin Amurka, wajen duwatsun Moab a jihar Yuta da tuddan rairayin Glamis a Kalifoniya, ana yawan ganin akori-kura tana tafe da wata mota a bisa kanta. Motar da ke sama ƙarama ce, ta shiga daji da hawa tsauni, irin su Polaris RZR da Can-Am Maverick, masu kujera biyu a jere da manyan tayoyi. Tsawon da yawa daga cikinsu ya kai mita 3, faɗinsu inci 64, nauyinsu ya haura kilo 600. Bayan akori-kura kuwa, ko mafi tsawo, ƙafa 8 ne, kuma tsakanin kumburin tayoyin baya bai wuce inci 50 ba sosai. Ba za ta shiga ba ke nan. Ana iya ja ta a tirela, amma mai ita yana son ya ja ɗakin kwanansa na tafi-da-gidanka a baya. Sai ya sayo ƙarfe, ya kunna injin walda a garejin gidansa, ya ƙera wani gado a saman bodin, mai layi biyu da tayoyi za su bi, su hau har gaban motar ya leƙa saman kan direba.

Yadda ake aunawa da yankawa da liƙawa, duk mai walda ya san wannan. Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne ƙarfen da suke zaɓa. Kusan kowa bututu mai kusurwa huɗu yake saya, mai rami a ciki, wanda in ka leƙa ta wannan baki za ka hango haske ta wancan.

Na daɗe ina ɗauka tsimi ne kawai, wato curarren ƙarfe ya fi, tsada ce ta hana. Ranar da na zauna na yi lissafin da kaina, sai da na sake shi sau biyu don ban yarda da abin da ya fito ba. Ɗauki bututu mai faɗin milimita 50 ta kowane gefe, kaurin bangonsa milimita 3. Kowace mita ɗaya tana da nauyin kilo 4 da ɗan ɗori. Yanzu narkar da wannan ƙarfen, ka cure shi ya zama sanda marar rami mai tsawo ɗaya. Za ta fito siririya, faɗinta wajen milimita 24. Nauyi ɗaya, ƙarfe ɗaya, ba a ƙara ko ƙwayar gero ba. Ka ɗora kowanne a kan bulo biyu, ka aza masa kaya a tsakiya. Curarriyar sandar za ta lotsa kusan ninki 8 na yadda bututun zai lotsa. Ninki 8, don kawai an buɗa ƙarfen an bar iska a tsakiyarsa!

Dalilin yana da daɗin ji. Duk sandar da aka danne a tsakiya, samanta matsewa yake yi, ƙasanta yana miƙewa. Tsakiyarta fa? Ba ta matsuwa, ba ta miƙewa. Ƙarfen da ke can cima-zaune ne, ana ɗaukar nauyinsa amma ba ya taɓuka komai. Aikin duk yana wuyan na gefe, kuma gwargwadon nisan ƙarfe daga tsakiya, gwargwadon amfaninsa. Bututu ba komai ba ne illa kwashe cima-zaunen nan a tura su bakin aiki. Kafinta ya san wani ɓangare na wannan ko bai taɓa jin lissafin ba, shi ya sa yake tsayar da katakon rufi a kan gefensa maimakon ya kwantar da shi. Katako mai inci 2 da inci 4, a tsaye, ya ninka na kwance sau 4 wajen ƙin lanƙwasa. In kuma ka ninka zurfin katakon sau 2, ba ninki 2 za ka samu ba, 2 sau 2 sau 2 ne, wato 8.

Wani dattijo mai walda a unguwarmu, wanda ya shekara da shekaru yana ƙera wa masu akori-kura kejin lodi, ya taɓa nuna mini wannan ba tare da alƙalami ba. Ya shimfiɗa falalen ƙarfe a kan duwatsu biyu ya ce yaron shagonsa ya taka, ƙarfen ya sunkuya har ya kusa taɓa ƙasa. Ya tsayar da shi a gefe, ya riƙe, yaron ya sake hawa, ko gezau. Ya dube ni ya ce, "Ka gani ko, ɗana? Ƙarfe ma sai an san yadda za a zaunar da shi."

Allah ya riga kowa yin wannan. Fasa karan dawa ka gani: ɓawon waje mai tauri, cikin kuwa totuwa ce mai laushi, amma ga shi yana tsaye da zangarniya a ka, iska na kaɗa shi. Gora ma haka. Ƙashin tsuntsu da gindin gashin fiffikensa duk rami ne. Galileo, masanin nan na Italiya, ya lura da haka a littafinsa na 1638, inda ya kawo misalin ƙasusuwan tsuntsaye da karare, ya nuna cewa rami yana ƙara juriya ba tare da ƙara nauyi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne gadar Britannia da ke Wales, wadda Robert Stephenson ya gina aka buɗe a 1850. Bututu ne zungurere mai kusurwa huɗu, na faranten ƙarfe da aka haɗa da ƙusoshi, manyan tazarorinsa kowacce mita 140 ce, kuma jirgin ƙasa ta cikin ramin yake bi. Da farko an yi niyyar rataye shi da sarƙoƙi, har an ɗaga hasumiyoyin don haka. Gwaje-gwajen William Fairbairn suka nuna bututun zai iya ɗaukar kansa da jirgin, sarƙoƙin ba a taɓa sa su ba. Ta yi aiki shekara 120, sai gobarar 1970 ta lalata ta. Ga kuma Mercedes 300 SL ta 1954, mai ƙofofin nan da ke buɗewa sama kamar fikafikai. Mutane na ɗauka ado ne. Ƙashin motar na siraran bututu ne da aka saƙa, nauyinsa wajen kilo 50 kacal, kuma saƙar ta taso sama a gefe har ta cinye wurin ƙofa irin ta kowa, dole aka maƙala ƙofar a rufi.

Mu koma kan gadon akori-kurar nan. Dalilin da ya sa kowane kilo ke da muhimmanci shi ne akori-kura tana da iyakar abin da za ta ɗauka, kuma a Amurka an rubuta shi a wata takarda da ke manne a jikin ƙofar direba. Nauyin gadon, da motar da ke kai, da fasinjoji, duk daga wannan adadi ake cirewa. Da curarren ƙarfe mai faɗin milimita 50 aka yi aikin, kowace mita sai ta kai kusan kilo 20, gadon kaɗai ya cinye rabon kayan. Shi ya sa ma da yawa suke neman manyan motoci irin Ford F-350 don wannan lodi. Kuma ko gadon ya yi ƙarfi, kaya a sama kaya a sama ne. Duk wanda ya taɓa ganin motar da aka jibga wa buhuna har sama tana shan kwana ya san yadda take karkata.

Sai dai ramin nan yana da nasa sharri, kuma a nan ne nake ganin ake gane gwani. In bango ya cika siranta, bututu ba lanƙwasa yake yi a hankali ba, lotsewa yake yi farat ɗaya, kamar gwangwanin lemo da aka taka. Fairbairn ma abin da ya gani ke nan, saman bututunsa ne ke fara tattarewa, shi ya sa aka jera ƙananan ramuka a rufin gadar don su ƙarfafa shi. A gareji kuwa, wanda ya huda bututu ya zura ƙusa ya ɗaure noti da ƙarfi, da hannunsa yake matse bangon biyu. Masu lura sukan zura guntun fayif a cikin hudar su liƙe shi, ƙusar ta bi ta ciki. Kowace kusurwa ana tokare ta da guntun ƙarfe a karkace, domin firam mai kusurwa huɗu yana iya gocewa, alwatika kuwa ba ta gocewa. Ƙafafun gadon kuma ba a kan siririn faranten bodi ake jingina su kawai ba, ana sa faranti mai kauri a ƙasa, a ɗaure da ƙusoshi, ba a kuma son kai wutar walda kan ƙashin motar.

Abu na ƙarshe da dattijon nan ya koya mini shi ne ruwa. Bututu daga ciki yake ruɓewa, inda fenti ba ya kaiwa, ido ba ya gani. Waje na sheƙi, ciki tsatsa na cin bangon da duka-duka milimita 3 ne. Don haka ko dai a toshe bakunan a liƙe su ruf, ko a bar wa ruwa hanyar fita. Shi na biyun yake yi. Duk kejin da ya gama, kafin ya shafa fenti sai ya kifa shi, ya huda ɗan ƙaramin rami a ƙasan kowace ƙafa.